Taron Littattafan Yara a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da wani ɗakin karatu a Zariya ya fitar da sanarwar taron littattafan yara, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke biyo baya. Iyaye na yi, malaman firamare na yi, haka matasan da suka ɓoye labarinsu a bayan littafin darasi, da ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Mun tattara su a nan, muka amsa gwargwadon abin da aikin laburare ya koya mana. Rana da wuri da kuɗin rajista kuwa sai a duba sanarwar masu shirya kowane taro, domin kowa da tsarinsa.

Me ake yi a taron?

Ana haɗa yara da littattafai da mutanen da suka yi littattafan a wuri guda. Marubuci ya zauna ya karanta labarinsa da bakinsa, yara su yi masa tambayoyi. Mai zane ya manna farar takarda a jikin allo, ya ce yara su faɗi dabbar da suke so, ya zana ta suna kallo. A gefe ga teburan mawallafa da masu sayar da littattafai. Akwai kuma zaman manya, inda ma'aikatan laburare da malaman makaranta ke tattauna irin littafin da ya dace da kowane aji, da dabarar ba yaro aron littafi ya dawo da shi da bangonsa. Wasu tarukan kan rufe da karrama marubuta da masu zane.

Malam, ni ba malama ba ce, ba kuma ma'aikaciyar laburare ba. Uwa ce kawai. Akwai wurina?

Hajiya, ai ku ne a sahun gaba. Malami na da yaro sa'o'i kaɗan a yini, sauran lokacin a hannunku yake. In kuma akwai kaka a gida wadda ta iya tatsuniya, ku zo da ita. Ba sai ta iya karatun boko ba. Marubuta da yawa da za ku gani a kan kujera, abin da suka ji a bakin kakanninsu ne suka mayar takarda.

Daga shekara nawa ake kawo yaro?

Wanda zai iya zama minti goma yana kallon hoto ya isa zuwa, wato daga wajen shekara 3. 'Yan shekara 5 zuwa 12 su suka fi cin moriya. Na goye ba a hana shi, amma uwa ta zauna kusa da ƙofa.

Me ya sa ake yawan cewa Zariya ce ta fi cancanta da irin wannan taro?

Domin a nan aka haifi littafin Hausa na boko kamar yadda muka san shi. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta zauna a Zariya, daga baya ta koma Hukumar Talifi a hannun Dokta Rupert East. Ita ta shirya gasar rubutu ta 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A garin nan Abubakar Imam ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku, kuma don 'yan makaranta aka yi shi tun asali, ko da yake manya sun ƙwace shi daga baya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 a Tukur-Tukur, hukumar adabi ta Jihar Arewa, NORLA, ta yi zamaninta a shekarun 1950, sannan kamfanin wallafa na NNPC ya zo a 1966. Duk wanda ya yi firamare a Arewa a wancan zamani, da wuya bai riƙe littafin da aka buga a Zariya ba.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika haɗawa da shi ba shi ne tarihin zane. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne ɗan Nijeriya ya ɗebo zanensa daga al'adun gida, kada ya tsaya kwaikwayon na Turai. Okeke ya yi wa littafin Chinua Achebe zane, Onobrakpeya ya yi wa na Cyprian Ekwensi. Har gobe sashen zane na jami'ar na yaye ɗalibai, ga kuma sashen koyar da aikin laburare da aka buɗe a 1968, ga Laburaren Kashim Ibrahim.

To, gari ɗaya, ga masu rubutu ga masu zane ga masu adana littafi. Amma sau da yawa mai rubuta labari a cikin birni bai san ko mutum ɗaya daga masu zanen Samaru ba, su ma ba su san da shi ba. A ganinmu babban amfanin taron ke nan: su haɗu, su karɓi lambar juna. Ko da ba a samu komai ba sai wannan, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ina ganin marubuci shi ne mai littafi. Me ya sa ake ɗaga mai zane har ya yi kafaɗa da shi?

Ku zauna bayan yara a lokacin karatu ku kalli idanunsu. Mai karatu na kan layin da ke cewa akuya ta shiga gona, sai ku ji wani ɗan shekara biyar ya miƙe yana nuni da yatsa: "Malama, ga mai gonar can ya ɓuya a bayan kuka!" Rubutun bai faɗi haka ba tukuna. Mai zane ne ya ajiye shi a kusurwar shafi, yaron kuma ya riga babba ganinsa, domin babba na bin baƙaƙe, shi kuwa yana bin hoto. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba yana iya ba da labarin littafi daga farko har ƙarshe in zanen ya yi kyau, kuma daga nan sha'awar sanin abin da aka rubuta a ƙasa ke tasowa.

Ku gwada wannan a gida: ku tambayi wani dattijo labarin aku da ɗan sarki a Magana Jari Ce. Zai faɗa muku sunan marubucin nan take, har ya siffanta muku hotunan da ya gani yana yaro. Ku ce wa ya zana su, sai ya yi shiru. Haka muka daɗe muna yi wa masu zane. Wasu ƙasashe sun gyara tun tuni. A Amurka lambar yabo ta Newbery ta marubutan yara ta fara a 1922, ta Caldecott ta masu zane ta biyo baya a 1938. Kyautar Hans Christian Andersen ta duniya ta fara da marubuta a 1956, aka ƙara ɓangaren masu zane a 1966.

Akwai kuma batun wane gida yaro ke gani a hoto. In duk littattafansa gidaje ne masu bututun hayaƙi da dusar ƙanƙara a kan rufi, zai ɗauka littafi abin wasu mutane ne. Ranar da ya buɗe shafi ya ga zaure da rumbu da tulu a gindin bishiya, da yarinya ta ɗauko tallan awara, ranar zai ja littafin zuwa ƙirjinsa.

A gidanmu ana ƙyamar hoton abu mai rai. Yaya ke nan?

Tambaya ce da muke girmamawa, kuma malamai sun yi saɓani a kai. Da yawansu sun sassauta a kan kayan wasan yara da abin koyarwa, suna kafa hujja da hadisin 'yar tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Wasu sun tsananta. Mu ba masu fatawa ba ne, sai ku tuntuɓi malamin da kuka amince da shi. Wanda ya zaɓi kaucewa ba zai koma hannu rabbana ba: akwai littattafan baƙaƙe da lissafi da kacici-kacici da karin magana, ga zayyana irin ta jikin gine-ginen birnin Zazzau wadda yara ke jin daɗin kwaikwaya.

Da Hausa za a yi ko da Turanci?

Yawanci ana cakuɗawa. Zaman manya kan karkata ga Turanci, musamman in a harabar jami'a ne. Na yara kuwa muna ba da shawara a fara da Hausa. Yaron da ke koyon karatu da harshen da yake ji, aiki ɗaya ke gabansa: ya gane baƙaƙe su zama kalmar da ya riga ya sani. Wanda aka fara wa da harshen da ba ya ji, aiki biyu aka ɗora masa a lokaci guda, shi ya sa za ku ga ɗan aji huɗu yana rera shafi ba tuntuɓe amma bai san abin da ya faɗa ba. Iyayen da ke tsoron Hausa za ta ɓata wa yaro Turanci su kwantar da hankali. Wanda ya iya karatu da harshe ɗaya ba sabon koyo zai yi a na biyu ba. Zariya kuma gari ne na kowa, a Sabon Gari da Samaru da Wusasa akwai yaran da Hausa ba ita ce ta gida ba, don haka littattafai masu harshe biyu na da kasuwa.

Tsorona kada in kwaso yara su yini suna jin jawabai.

Tsoronku na kan hanya, kuma nan ne tarukanmu suka fi faɗuwa. A ce ƙarfe tara, a jera yara cikin kayan makaranta tun takwas da rabi, babban baƙo ya iso sha ɗaya. Sannan jawabin maraba, jawabin shugaban taro, jawabin uban taro, gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka aiko wakili. Kafin a zo kan karatu yara sun galabaita, rabi sun yi barci, sauran na neman bayi. A ƙarshe a ɗauki hoto da su riƙe da littattafan da za a karɓe bayan an gama ɗauka.

Kafin ku yi rajista ku nemi jadawalin taron. Ku duba abu biyu: shin zaman yara na da ɗakinsa dabam da na manya, kuma shin yana farawa ko babban baƙo ya zo ko bai zo ba? In amsar e ce, masu shiryawa sun san abin da suke yi. In a'a ce, ku tambayi lokacin da za a fara karatu, ku iso a lokacin.

Ni malamin firamare ne, zan zo da 'yan ajina. Me zan shirya?

Takardar izinin iyaye da ta hedimasta tukuna. Kada babba ɗaya ya riƙe fiye da yara goma, kuma in da 'yan mata a samu malama a cikin tafiyar. Kowane yaro a rataya masa kati mai sunan makaranta da lambar wayarku. Ruwan sha, abin taɓawa, tabarma in ba a yi alkawarin kujeru ba, fensir da takarda. In hunturu ne a sa musu rigar sanyi, Samaru da safe ba ta da wasa.

Abin da ya fi duk waɗannan: ku karanta musu aƙalla littafi ɗaya na baƙon marubucin kafin ranar. Yaran da suka san labarin su ke yin tambaya mai ma'ana. Waɗanda ba su sani ba, tambayarsu ba ta wuce "Shekarunka nawa?" da "Kana da mota?"

Wane lokaci na shekara ake yi?

Masu shiryawa kan jingina shi da wata rana sananniya. Akwai 2 ga Afrilu, Ranar Littattafan Yara ta Duniya, wadda ƙungiyar littattafan yara ta duniya, IBBY, ke ɗaukar nauyi tun 1967, ranar haihuwar Andersen ce, marubucin tatsuniyoyi ɗan ƙasar Denmak. Akwai 23 ga Afrilu, Ranar Littafi da Haƙƙin Mallaka ta UNESCO, da 21 ga Fabrairu ta harshen uwa, da 27 ga Mayu Ranar Yara a Nijeriya, da 8 ga Satumba ta yaƙi da jahilci. In ranar ta faɗo cikin azumi ko jarrabawa, a kan matsar.

Daga wajen gari zan zo. A ina zan sauka?

Daga Kano ko Kaduna, Kwangila ce mahaɗa. Daga nan akwai bas da Keke Napep zuwa Samaru ta hanyar Sakkwato, ko zuwa PZ da Sabon Gari, ko Tudun Wada da Ƙofar Doka in cikin birni za ku. Abu ɗaya da ke wahalar da baƙi: in an ce muku a jami'a ne, ku tambaya Samaru ko Kongo. Harabobi biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tafiya.

Na rubuta labarin yara, ban taɓa nuna wa kowa ba. In zo da shi?

Zo da shi, ƙanena, amma kwafi. Na asali ya zauna a gida. Ka rubuta sunanka da lambarka a kowane shafi. Kafin ranar kuma ka tara yaran gidanku da na maƙwabta bayan isha'i ka karanta musu da ƙarfi. Inda suka fara tsokanar juna, nan labarin ya mutu, ka yanke wurin. Inda suka ce a maimaita, nan ƙarfinsa yake.

Kuskuren da muka fi gani a rubutun sababbi shi ne wa'azi. Yaro mai biyayya, yaro marar biyayya, na farko ya zama likita, na biyu ya shiga uku, a rufe da "darasin wannan labari shi ne". Yara na shinshino irin wannan tun shafin farko. Kakanninmu sun fi mu dabara: Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, kullum yana cutar Ƙoƙi, amma shi yara suka fi so, kuma ba wanda ya tashi daga tatsuniya bai gane sakamakon haɗama ba. Kuskure na biyu shi ne tsawo. Littafin hoto yawanci shafi 24 ne ko 32, domin a maɗaba'a babbar takarda ake naɗewa ta ba da shafi 8 ko 16, kuma wasu shafukan na tafiya a suna da bayanan wallafa. Kalmomi 'yan ɗaruruwa sun isa. Kada ka ɓata layi kana cewa rigarta ja ce, bar wa mai zane.

In da kanka za ka buga, lambar shaidar littafi ta duniya, wato ISBN, a Laburaren Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce a ajiye musu kwafi. Ka ba wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ya duba maka. Littafin yara da ya rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa" ya koya wa yaro kuskure tun ranar farko.

Ni ɗalibar zane ce. Me mawallafa ke son gani?

Ba hoton fuska ɗaya da kika kwana kina gogewa ba. Suna son su ga yaro ɗaya kin zana shi sau shida: yana gudu, yana kuka, yana leƙe, daga baya, daga gefe, kuma duk a gane shi ne. Ki ɗauki tatsuniya ɗaya ki yi mata shafuka uku a jere, ki bar gurbin rubutu. Ki fita ki zana kasuwar Sabon Gari da ganuwa da dutsen Kufena da idonki, ki lura da yadda ake ɗaura zani da yadda hula ke zama a ka.

Batun kuɗi kuma, a rubuta yarjejeniya kafin ki sa fensir a takarda: zane nawa, gyara sau nawa, biya ɗaya ne ko da kaso a ciniki, kuma sunanki zai fito a bango. Kada ki yarda da "za mu tallata ki" a madadin kuɗi. Ana ta tambayarmu game da hotunan da kwamfuta ke ƙirƙirowa. Suna da arha, amma sau da yawa sai ki ga an sa wa Bahaushe rawanin wata ƙasa, ko fuskar yaron ta sauya tsakanin shafi da shafi. Yara na lura.

Yaya zan zaɓi littafin saye?

Ku bar yaro ya zaɓi ɗaya da kansa ko da bai burge ku ba, ku kuma ku zaɓi ɗaya. Ku buɗe tsakiya ku ja shafi a hankali don ku ga ƙarfin ɗinki. Ku karanta shafi guda a bayyane, in harshenku ya sarƙe to na yaro ma zai sarƙe. Rubutu ya zama manya-manya. In kun ga hoto ya dusashe, takarda shara-shara, farashi kuma ya yi arhar banza, wataƙila na satar fasaha ne, marubuci da mai zane ba za su ga ko kwabo ba. Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai littattafan Hausa kyauta a intanet a African Storybook da StoryWeaver, ana iya saukewa a waya ko a buga.

Yarona kurma ne. Wani kuma ya tambaya game da almajirai.

Ku sanar da masu shiryawa tun da wuri don a nemo mai fassara da hannu, a kuma zaunar da shi gaba. Zaman zane ya fi dacewa da shi, sau da yawa ma ya fi sauran kamawa. Makaho kuma karatun bayyane nasa ne. Almajirai a je a gaida malaminsu a nemi izini, kada a tsince su a titi don cika hoto. Da yawansu na karanta ajami, in an tanadi 'yan shafuka da shi za a sha mamaki.

Akwai wata babbar kyauta da marubucin yara zai sa wa ido a Nijeriya?

Akwai kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, dala 100,000, wadda ke zagayawa tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara, wato duk shekara huɗu take zuwa kan na yara. Littattafan da suka ci ta da Turanci aka rubuta su. Mai rubutu da Hausa ya riƙa bibiyar sanarwar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, da rassanta na jihohi.

Makarantarmu ba ta da laburare. Mun dawo daga taro, sai me?

Ku samu akwatin ƙarfe mai kwaɗo, saboda gara da ɓera da ɗigar damina. Littafi ashirin ko talatin sun isa farawa. Ku lulluɓe bangon kowanne da leda mai kauri, ku rubuta masa lamba. Littafin rajista guda: sunan yaro, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. Ku naɗa yara biyu daga aji biyar ko shida su riƙe shi, sun fi manya tsanani. A ware rabin sa'a a mako, malami ya karanta a bayyane ba tare da jarrabawa a kai ba, aro kuma ya zama ranar Alhamis ko Juma'a a dawo da shi Litinin.

Wasu littattafan za su yage, ɗaya ko biyu za su ɓace. Ku sayi gam da salatif, ku koya wa yaran gyara, kada ku sa tara mai nauyi da za ta sa iyaye su hana ɗauka. In zango ya ƙare ku yi musayar akwati da wata makaranta da kuka haɗu da malaminta a wurin taron.